Ku Tambaya Mu Amsa: Kamfanin Aike Ya Riƙe Mini Kayan Lefe, Kuma Sun Iso da Giɓi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar haɗa kayan lefe ce a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kuma yawancin atamfofi da lesukan da nake sayarwa ta waya nake saro su daga Legas da Kantin Kwari na Kano. A watan jiya na sayi kayan wata amarya wajen wata dila a Legas, na biya kuɗin kaya da na aikowa, ita kuma ta miƙa su ga wani kamfanin aika saƙonni da ya yi alkawarin za su iso cikin kwana biyar. Sai da na shafe mako uku ina jira. Duk sa'ad da na kira lambarsu, sai a bar ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare, idan kuwa an ɗauka, wannan ya ce kayan suna Kano, wancan ya ce suna hanya. Wata rana ma na ga an rubuta a shafinsu cewa an kawo mini, alhali ko ƙeyar ɗan aikensu ban gani ba. Da na je ofishinsu da kaina, sai aka fito mini da kwalin a yage an liƙe shi da salatif, na sa hannu na karɓa, da na buɗe a gida na tarar babu turmi biyu na atamfa da leshi ɗaya. Kamfanin ya ce in duba bayan rasit, wai ba sa biyan diyyar da ta wuce wani ɗan adadi, dilar kuma ta ce ita ta fita tunda ta ba da kaya cikakku. Dangin ango sun matsa mini, biki ya ƙarato. Wa zan riƙe, kuma ina zan kai kukana?

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarki shi ne sunanki, domin mai haɗa lefe da yardar mutane take ciniki, kuma dangin ango ba su san wani kamfani ba, ke suka ba kuɗi. Saboda haka, idan da hali, ki cike musu giɓin daga aljihunki tun kafin ranar kai lefe, sannan ki bi haƙƙinki a natse, ba tare da biki yana kanki ba.

Tambayarki ta farko, wato wa za ki riƙe, amsarta tana kan rasit ɗin nan da aka ce ki duba bayansa. Ki duba gabansa tukuna, ki ga sunan wa aka rubuta a matsayin mai aikowa. Idan dilar ce ta zaɓi kamfanin da kanta, ta biya shi, aka rubuta sunanta, to yarjejeniyar ɗaukar kayan tsakaninta da kamfanin take, ke kuwa yarjejeniyarki da ita ce, cewa za ta isar miki da kaya kaza a Sakkwato. A irin wannan hali ba ta da ikon cewa ta fita, kuma kamfanoni da yawa ma ba sa karɓar neman diyya sai daga wanda ya aiko. Idan kuwa ke ce kika ce mata ta kai wa kamfani kaza, ita ta cika umarninki kawai, to nauyin bin kamfanin ya fi komawa kanki. Ko wanne ne daga ciki, kada ki ɓata da ita yanzu, domin hujjar da ta fi ƙarfi tana hannunta: hoton kayan lokacin da ake ɗaure su, da jerin abin da aka zuba, da asalin rasit.

Akwai wata hujja da mutane suka cika mantawa da ita, ita ce nauyin kwalin. Kamfanonin aike suna ɗora kaya a kan sikeli kafin su yanke kuɗi, kuma sukan rubuta kilon a takardar da suke mannawa jikin kwali. Ki mayar da duk abin da ya iso cikin kwalinsa, ki kai shi sikelin da aka yarda da shi a gaban shaidu biyu, ki ɗauki hoton abin da allurar ta nuna. Turmi biyu da leshi ɗaya suna da nauyin da sikeli zai nuna rashinsu, kuma idan takardarsu ta ce kilo kaza aka karɓa a Legas, abin da ya iso Sakkwato kuma bai kai haka ba, to rubutunsu ne da kansu ya ba da shaida a kansu. Kada ki jefar da kwalin, kada ki ɓare salatif ɗin da aka liƙa a wurin yagewar, musamman idan ya bambanta da wanda dilar ta yi amfani da shi.

Sa hannun da kika yi kafin ki buɗe ya rage miki ƙarfi, za su kuma nemi fakewa da shi, amma bai kashe maganar ba, tunda an ba ki kwalin a yage, kuma nasu shafin ya nuna an kawo kaya a ranar da ba a kawo ba. Idan kin ɗauki hoton wannan shafi, ki adana shi da kyau.

Daga yau ki daina ƙona kati a kan lambar nan. Wanda ke ɗaukar waya sau da yawa yana zaune ne a wani gari, yana karanta miki abin da ke kan kwamfutarsa, ba shi da ikon biyan ko sisi, kuma duk abin da ya faɗa miki da baki ba za ki iya nuna shi gobe ba. Ki rubuta takarda zuwa ga manajan reshensu na Sakkwato, ki aika kwafinta ta imel zuwa babban ofishinsu. A ciki ki kawo lambar bibiyar kayan, da ranar da aka karɓe su, da ranar da aka yi alkawari, da ranar da suka zo hannunki, da abin da ya ɓace da farashinsa, sannan ki faɗi abin da kike nema a fili, wato kuɗin kayan da suka salwanta da kuɗin aiken da ba a cika sharaɗinsa ba. Ki ba su wa'adin kwana bakwai ko goma sha huɗu, ki sanar da su hukumomin da za ki nufa idan wa'adin ya cika. Ki je da kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a kan naki. Ki gaggauta, domin kamfanoni da dama suna sa ɗan gajeren lokaci na karɓar irin wannan koke, kuma jan ƙafar da ake miki a waya yana cinye wannan lokaci ne.

Game da ƙaramin rubutun bayan rasit, bai fi ƙarfin doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta tanadi a sashe na 130 cewa duk wanda ya karɓi kuɗinki don ya yi miki aiki, haƙƙinki ne ya kammala shi a kan lokaci, ya sanar da ke da wuri idan an sami jinkirin da ba makawa, ya kuma mayar miki da dukiyarki a yanayin da bai gaza yadda ya karɓe ta ba. Dokar ta kuma buƙaci a jawo hankalin mai hulɗa ga duk sharaɗin da ke rage alhakin kamfani tun kafin a ƙulla ciniki, saboda haka ki tambayi dilar ko an nuna mata wannan sharaɗi lokacin da take ba da kaya. A ganina, iyakance diyya a kan hatsarin mota ko gobara abu ne da za a iya tattaunawa, amma kwalin da aka yaga aka zare kaya daga cikinsa yana hannun ma'aikatansu, babu wani rubutu da ya isa ya wanke shi. Haka abin yake a fiƙihu, inda malamai suka ce wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta ba da laifinsa ba, amma yana biya idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Idan wa'adin ya cika ba a amsa ba, hukumar FCCPC, wadda waccan doka ta kafa a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye, tana karɓar koke ta shafinta na intanet. Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ita ke ba kamfanonin aike lasisi ta wani sashe nata na musamman, don haka kwafin kokenki zuwa can yakan sa kamfani ya shiga taitayinsa, kuma a nan ne za a gane ko ma yana da lasisin. Mafi kusa da ke ita ce Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofishi a kowace jiha har da Sakkwato, tana sauraron ƙorafi a kan kamfanoni, kuma ba a biyan kuɗi. Kotu ita ce ta ƙarshe, sai kin auna darajar kayan da ɗawainiyar shari'a. Idan kin ga za ki fito da maganar a Facebook ko wani dandali, ki tsaya a kan abin da takardunki suka tabbatar, kada ki kira wani ɓarawo da sunansa, domin an sha amfani da dokar laifuffukan intanet ta 2015 wajen jan masu ƙorafi zuwa ofishin 'yan sanda. Ina kuma roƙonki da kada ki huce a kan yaron da ke kan babur ko yarinyar da ke zaune a kantar ofishinsu, waɗanda galibi ba su suka tsara wannan aika-aika ba.

Saboda gaba, ki sani cewa tsakanin Legas da Sakkwato tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, kuma sau da yawa ba a ɗauko kaya kai tsaye, ana sauke su a wata cibiya a jira mota ta cika, ga kuma direbobi da ke gudun tafiyar dare a hanyar Funtuwa zuwa Gusau saboda rashin tsaro. Kayan biki su taso da wata guda a gaba. Ki sa dila ta faɗi ainihin darajar kayan a rasit, ta biya inshora idan akwai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda ya rage farashi don a rage masa kuɗin aike, a kan ragaggen za a biya shi. Ki ba da kwatancen gida da masallaci ko makarantar da kowane ɗan kabu-kabu ya sani, da lambar waya biyu. Idan an turo miki lambar sirri ta karɓar kaya, kada ki karanta wa kowa ita ta waya sai kwali yana gabanki, domin da ita ake rufe aiki a rubuta an kawo. Ki buɗe a gaban mai kawowa, ana ɗaukar bidiyo, kafin ki sa hannu.

TAMBAYA

Malam, ni takalman fata nake yi, kuma ta tasha nake aika wa abokan cinikina na Kaduna. Wani direba ya ɓatar mini da buhu guda, yanzu ba ya ɗaukar wayata. Ba ni da rasit. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato

AMSA

Malam, aiken tasha ya fi sauri da araha, amma ƙarfinsa duka yana ga ƙungiyar direbobi ta NURTW. Ka koma layin da motar ta yi lodi, ka nemi ɗan kamashon da ya karɓi buhun ko ya haɗa ka da direban, ku je wurin shugaban reshen, domin suna da rajistar motocin da suka tashi a kowace rana, kuma suna da ikon hana direba lodi har sai ya zo ya yi bayani. Ka tafi da wanda ya ga lokacin da ka ba da kayan, da tarihin kiran da ke wayarka, da saƙon abokin cinikin da ke cewa bai karɓa ba. A tambayi tashar da motar ta sauka a Kaduna, don sau da yawa buhun yana ajiye a ofishin ƙungiya ba wanda ya zo nema. Idan direban ya amsa laifi, a rubuta yadda zai biya a gaban shugabannin, kowa ya sa hannu, idan kuwa ya ƙi zuwa, sai ka kai rahoto ga 'yan sanda da lambar motar da ƙungiya za ta ba ka. Nan gaba ka riƙa ba da kaya ta ofishin ƙungiya a rubuta maka takarda, ka rubuta sunan mai karɓa da lambarsa a jikin buhu, ka kuma ɗauki hoton lambar motar kafin ta tashi.