Tafin filin besbol da maganar shiga sojan Amurka

Ƙanena, na ga bidiyon da ka turo, inda dubban mutane suka miƙe a filin besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, suna tafa wa wani tsohon soja. Ka tambaya ko da gaske haka ake girmama 'yan mazan jiya a Amurka, in kuwa haka ne, me zai hana ka zo da bizar karatu ka shiga soja, ka samu takardu da karatu kyauta.

Girmamawar dai gaskiya ce. Nan San Diyego garin sojan ruwa ne, kuma ƙungiyarmu ta Padres ta saba sa riga mai dabbare-dabbaren kakin soja in tana wasa a gida ranar Lahadi. Ana kawo kuratan soja daga barikin horo, kawuna ƙwal, a zaunar da su sahu-sahu can saman fili. A zagaye na huɗu a kaɗa taken rundunarsu, su miƙe ƙyam, jama'a na tafi har tsigar jikinka ta tashi. Litinin ta ƙarshe a watan Mayu kuma, ranar tunawa da waɗanda suka kwanta dama a fagen fama, 'yan wasa kan maƙala jan fure a ƙirji. Abin yana da asali: Ted Williams, gwarzon ƙungiyar Boston, ya bar wasa kusan kakar wasa biyar, ya tuƙa jirgin soja lokacin yaƙin duniya na biyu da na Koriya. Sai dai ka sani, a 2015 sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, sun bankaɗo cewa ma'aikatar tsaro ta biya ƙungiyoyin wasanni kusan dala miliyan 6.8 don irin waɗannan bukukuwa. Wani ɓangaren talla ne na neman kurata, kuma ga shi ya iso har wayarka.

Yanzu ga abin da ya shafe ka. Mai bizar karatu ba ya shiga sojan Amurka. Sai ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, wato girin kad. An taɓa yin wani shiri, MAVNI, da ya ba wasu baƙi masu iya harsuna ko aikin asibiti dama, amma an daina ɗauka tun 2016. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar da kai daga Kano, ɗan damfara ne, ka gudu.

Mai katin kuwa, i, yana samun moriya. Hanyar zama ɗan ƙasa takan gajarta, kuma in ya cika wata 36 a bakin aiki, dokar GI Bill za ta biya masa kuɗin jami'ar gwamnati, da na haya. Amma alƙawarin shekara takwas yake sa wa hannu, wasu shekarun a bakin aiki, sauran a jiran kira, kuma ba shi zai zaɓi ƙasar da za a tura shi ba, ko wanda za a ce ya harba. Wannan ka zauna da Baba ku tattauna tun kafin ranar ta zo. Ƙidayar gwamnati ta Janairun 2024 ta samu tsofaffin sojoji sama da 32,000 ba su da muhalli. Ina ganin wasunsu a bakin danja, ba nisa da filin wasan, riƙe da kwali, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na wuce su.

Tunda karatu kake so, nemi gurbin digiri na biyu mai haɗe da aikin taimaka wa malami, wanda ke ɗauke kuɗin makaranta ya kuma ba ka ɗan albashi. Turo mini sakamakonka da fannin da kake so, mu duba jami'o'in tare kafin Disamba.