Sayen tsohon gida a gyara a sayar: ribar da ake nunawa a talabijin gaskiya ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa nake sayarwa. Ɗana ya saba mini da kallon wasu shirye-shiryen Turawa, inda ake sayen tsohon gida, a gyara shi cikin 'yan makonni, a sayar da riba mai tsoka. Ina da 'yan kuɗi a ajiye, ga shi kuma an yi mini tallar wani tsohon gidan gado. Abin da suke nunawa gaskiya ne ko wasan kwaikwayo? Zan iya yin irinsa a nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Gidajen na gaske ne, maginan na gaske ne, ƙurar da kake gani tana tashi ita ma ta gaske ce. Lissafin ne bai cika ba, kuma kai da lissafin za ka yi aiki.

Ka fara da tambayar da za ka yi wa duk wanda ya kawo maka haja: shi ina tasa ribar take? Tashar HGTV ta Amurka, wadda mafi yawan waɗannan shirye-shirye suka fito daga gare ta, ta fara aiki a ƙarshen 1994, kuma ba gidaje take sayarwa ba. Masu kallo take tarawa, ta sayar wa kamfanonin fenti da kayan girki da kujeru lokacin talla. Shirin da gida ya yi wata goma sha huɗu ba mai saye, mai shi yana ta kiran dillali ba a ɗauka, ba wanda zai zauna ya kalle shi. Don haka ba za a ɗauke shi ba, ko da kuwa shi ne ya fi yawa a kasuwa.

Ɗauki House Hunters, wanda aka fara a 1999. Ana nuna mata da miji suna zagaya gida uku, suna ta gardama a kan wanda za su zaɓa. A 2012 wata mata daga jihar Texas da ta taɓa fitowa a shirin ta faɗa wa duniya cewa sun riga sun sayi gidansu kafin a kunna kyamara, sauran gida biyun kuwa na abokansu ne, ba ma na sayarwa ba ne. Tashar ba ta ƙaryata ba, ta ce dama tana neman mutanen da cinikinsu ya yi nisa ne saboda ƙarancin lokacin ɗauka. Wato dai abin da ya fi cin rai a harkar gida, neman gidan da ya dace da farashin da ya dace, an gama shi tun kafin a gayyace ka kallo.

Sai Fixer Upper na Chip da Joanna Gaines a garin Waco da ke jihar Texas, wanda aka yi daga 2013 zuwa 2018. Ranar da ake buɗe wa masu gida gidansu suna hawaye, kujeru da labule da kayan ado da suka cika falon na kwalliyar ɗauka ne. In masu gidan ba su biya kuɗinsu daban ba, kwashe su ake yi. Ba kuma kowane ɗaki ake gyarawa ba, wanda ba a taɓa ba kyamara ba ta shiga. A 2018 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ci kamfaninsu tarar dala 40,000 saboda rashin bin ƙa'idar aiki da tsohon fenti mai gubar dalma. Irin wannan kuɗin ba ya fitowa a allo.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Extreme Makeover: Home Edition, inda ake rushe gida a gina sabo cikin kwana bakwai. Da gaske ake ginawa, amma da ɗaruruwan 'yan sa-kai masu aiki dare da rana, da kayan da kamfanoni suka bayar kyauta don a ga sunansu. Daga baya wasu daga cikin iyalan sun kasa riƙe gidajen, saboda haraji da kuɗin wuta sun ƙaru daidai da girman ginin, wasu kuma sun jinginar da gidan sun ci bashi ya fi ƙarfinsu.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Grand Designs na Ingila, wanda Kevin McCloud yake gabatarwa tun 1999, yakan bi gini na tsawon shekaru, ka ga kuɗi ya ƙare ana tsakiyar aiki, ka ga mai gida yana kwana a kango. In za ka kalla don ɗaukar darasi, wannan ya fi kusa da abin da ke jiranka. Shi ma Homes Under the Hammer na BBC, mai bin masu sayen gida a gwanjo, ka saurari ƙarshensa da kyau: adadin da ake kira riba yawanci ƙiyasin dillalai ne, kuma ana faɗa cewa ba a cire haraji da sauran kashe-kashe ba. Ƙiyasin dillali kuwa, Alhaji, ka fi ni sani, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To bari mu yi lissafin da su ba sa tsayawa su yi. Adadin nan na misali ne kawai, ka sa naka a gurbinsu. Ka sayi gida miliyan 30, ka ware miliyan 10 na gyara, kana sa ran sayarwa miliyan 50. A talabijin sai a rubuta riba miliyan 10, a sa kiɗa. Mu kuwa sai mu ƙaddara la'ada kashi biyar cikin ɗari: miliyan ɗaya da rabi wajen saye, biyu da rabi wajen sayarwa. Lauya da bincike da takardu, miliyan ɗaya. An kankare filasta an tarar danshi ya ci bango, ko sokawe ya rufta, ko tsohon wayarin ba zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba, gyara ya tashi daga 10 zuwa 12. Mai gadi da zirga-zirga, rabin miliyan. Ka fitar da miliyan 45, miliyan 47 da rabi sun dawo hannunka. Riba miliyan biyu da rabi, ƙasa da kashi shida cikin ɗari, kuma sai in an sayi gidan a farashin da ka yanka, ba a yi maka tayin wulakanci ba.

Yanzu ka tambayi kanka: miliyan 45 ɗin nan, sau nawa za su juya a shagonka cikin shekara? Nan ne asarar da ba a gani take. Jarin ɗan kasuwa da juyawa yake haihuwa, gida kuwa in ya ƙi sayuwa ba za ka yanki ɗaki ɗaya ka karya farashinsa don ka samu na sarin kayan sallah ba. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga. A irin wannan shekara, wanda ya samu ribar kashi shida bayan wata goma sha biyu, a takarda ya ci riba, amma shaddar da kuɗinsa za su saro ta ragu. Buhun siminti da ake saya ƙasa da naira dubu biyar a 2022 ya haura dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024. Wanda ya yi kasafin gyara kafin tashin, ya sayi kaya bayansa, ya san yadda abin yake.

Ko a can ƙasar tasu harkar ba ta da sauƙin da ake nunawa. Kamfanin Zillow, wanda ya fi kusan kowa bayanan farashin gidaje a Amurka, ya shiga sayen gidaje yana ɗan gyarawa yana sayarwa. A Nuwamba 2021 ya rufe wannan sashe, ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, bayan asarar ɗaruruwan miliyoyin dala, don ya kasa hasashen farashin da gidajen za su sayu. Shi ya sa tsofaffin hannu a can suke da wata ƙa'ida: kada ka biya fiye da kashi 70 cikin ɗari na farashin da gidan zai yi bayan gyara, sannan ka cire kuɗin gyaran daga ciki. A misalinmu, kashi 70 na miliyan 50 shi ne 35, cire 10, saura 25. Gidan miliyan 30 ɗin nan tun a wajen saye aka ci ribarsa.

Akwai kuma abubuwan da ba su ƙetaro teku ba. Yawancin gidajen Amurka da katako ake tsara su, bangon ciki allo ne mara nauyi, shi ya sa kake ganin an rushe shi da guduma ana dariya. Namu bulo ne, wani bangon ma shi ke ɗauke da dakin, wato rufin kankare, in birkila ya fasa shi ba injiniya ya duba ba, rai ake wasa da shi. Sannan mai saye a can banki yake zuwa ya karɓi lamunin shekara 30, don haka masu iya saye suna da yawa. A nan, in ka cire ma'aikatan da ke samun lamunin asusun gidaje na ƙasa, mafi yawan masu saye kuɗi hannu suke biya, kuma mai miliyan 50 a hannu sau da yawa ya fi son fuloti ya gina abin da ransa ke so, ko ya sayi naka ya fasa tayil ɗin da ka kashe kuɗi a kansa don launin bai yi wa uwargida ba.

Gidan gadon da aka yi maka talla, kafin ka duba rufinsa ka duba magadansa. An raba gadon a kotu ko a gaban malamai da shaidu? Kowa ya sa hannu, har da 'ya mace da ke aure a wani gari da ɗan da ke ƙasar waje? In kason wasu kawai za ka saya, ka tuna sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a, za su iya mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. In gidan yana da satifiket, ka tura lauya ya bincika a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ko an jinginar da shi, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta amincewar gwamna kafin mallaka ta koma sunanka. Ka kuma tambayi malaminka batun zakka, don gidan da aka saya da niyyar sayarwa kayan kasuwanci ne, hukuncinsa daban da na gidan zama.

Ban ce kada ka shiga ba. Akwai masu cin abinci da wannan sana'a a Kano, amma in ka lura ribarsu daga sayen araha da darajar unguwa take zuwa, ba daga fenti da fitilu ba. In magada sun daidaita, takarda ta fita tsaf, ka kai magini biyu da ba su san juna ba su yi maka ƙiyasi a rubuce, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan wanda ya fi tsada. Ka tambayi dillalan unguwar nawa aka sayar da gidaje makamantansa a bana, ba nawa aka sa musu ba, da watannin da suka yi kafin a saya. Daga nan ka fitar da farashin da ba za ka wuce ba, in masu gida sun ƙi sallamawa ka bar musu. Kuɗin da za ka zuba kuma ya zama wanda in ya kwanta shekara biyu shagonka ba zai rasa sari ba, in kuwa gidan ya ƙi sayuwa, ka tabbata tun yanzu cewa irin wanda za a iya sa 'yan haya ne.