Amsoshin Wasiƙunku: Darbil na Jabu da Tsuntsayen Bakin Bahar Maliya

Tun da Satumba ta kama, wasiƙu ke ta shigowa a kan kallon tsuntsayen da ke ratsa gaɓar teku a wannan lokaci, da kuma darbil, wato madubin hangen nesa. Ga waɗanda na zaɓa.

Wani matashi daga Karantina, Jidda, ya rubuto: "Kawu, na ga darbil a haraj, kasuwar gwanjo, an rubuta 80x100 a jikinsa. Mai kayan ya ce na soja ne, riyal 70. In saya?"

Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu. Lambobin nan biyu suna da ma'ana. Ta farko tana faɗin sau nawa madubin ke jawo abu kusa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Milimita 100 santimita 10 ke nan, kusan faɗin tafin hannunka. Koma ka ɗora tafinka a kan gilashin, za ka tarar da ƙyar ya kai rabi. Wanda ya yi maka ƙarya a rubuce, me zai hana ya yi maka a cikin gilashi? Ko da ma lambar gaskiya ce, da zarar jawowa ta wuce sau 10 hannu ba ya iya riƙewa, hoto sai rawa. Shi ya sa masu wannan harka suka fi sayen 8x42.

Abin nan yana ci mini rai. Na taɓa ganin wani yaro a Kornish, wurin shan iska na bakin tekun Jidda, riƙe da irin mai jan gilashin nan da ke ƙyalli, yana ta murza ido. Na karɓa na leƙa, zalɓe ɗaya ne tsaye a ruwa amma biyu nake gani, ga raɓa ta kwanta daga ciki saboda laimar Jidda. Mahaifinsa ya ce na uku ke nan da ya saya masa. Araha ba ta ado. Mutum ya yini a rana yana nema, gida ana jiran aike, sannan ya riƙa zuba riyal 70 sau uku a kan roba da fenti! Har sunan kamfanonin Nikon da Bushnell ake mannawa a jabun, don haka suna kaɗai kada ya ruɗe ka. Ka tsaya ƙofar shago, ka saita wani allo mai nisa da ido biyu a buɗe. In rubutun ya rabu biyu, ko ka ji idonka na ja, ajiye. Ka murza abin saitin ka ji ko yana tafiya sumul. Ka tambaya ko ruwa na shiga. In babu fatura, wato rasit, da takardar garanti, kama gabanka. Gara ka yi wata huɗu kana tari ka sayi na kirki sau ɗaya.

Wata uwa daga Makka ta ce: "Ɗana mai shekara 12 ba shi da zance sai tsuntsaye. Ina tsoron shiririta ce, kuma ba ni da halin saya masa kaya."

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, Allah ya raya shi. Yaron da zai zauna shiru yana lura da halittar Ubangiji ba shi da abin tsoro. Kada ki sayi komai yanzu sai littafin rubutu da biro. Akwai manhajar Merlin, kyauta ce, tana taimakawa wajen gane tsuntsu. Ya fara da waɗanda muka sani tun gida: belbela, shirwa, tsattsewa, alhudahuda. Ki faɗa masa sanyi ne ke koro da yawansu daga Turai da Asiya zuwa Afirka, irin ƙaurar da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru da baƙin tsuntsaye. Manyan masu shawagi kuwa iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa, ba sa son faɗin teku, shi ya sa suke bin gaɓa har mashigin Babul Mandab da ke kudancin Bahar Maliya, inda ruwan ya tsuke zuwa kusan kilomita 30, su tsallaka.

Wani kuma: "Wace bindigar iska ce ta fi dacewa?"

Malam, kallo aka ce. Tsuntsun da ya yi dubban kilomita ya sauka shan ruwa, shi za ka ɗirka wa harsashi? Farauta babu lasisin hukumar kula da namun daji laifi ne a nan Saudiyya, tarar kuma mai nauyi ce.

Na ƙarshe, direba daga Hindawiya, Jidda: "Ina zan je, kuma yaushe?"

Satumba da Oktoba, da an idar da Asuba, kafin rana ta yi zafi. Kudancin Kornish ya wadatar, musamman inda ruwa bai da zurfi. In aiki ya kai ka Yanbu ko Jizan, leƙa wajen itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Ka riƙe iƙamarka, wato katin izinin zama, da gorar ruwa. Kada ka kuskura ka juya darbil wajen tashar jiragen ruwa, ko wurin sojoji, ko inda iyalan mutane suka shimfiɗa tabarma suna shan iska.