Filin Tambaya da Amsa: Bambar Tsohuwar Mota, a Gyara ko a Sake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Marsandi 230 ƙirar 1974. Injin lafiya lau, an kuma yi mata sabon fenti, sai dai bambar gaba ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa, ta bayan kuwa ƙyallinta ya fara ɓarewa daidai wajen salansa. Yayana ya ce a sayo sababbi, ni kuma na fi son a bar na asali. Wanne ya fi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Malam, kada ku yanke hukunci bamba tana jikin mota. Ku kwance ta ku kifa ta, domin bayanta ne zai gaya muku gaskiya, ba fuskarta ba. Tun da dare a fesa wa notunan man kwance noti, a bari ya kwana. Bol ɗin bamba kansa a dunƙule yake, wuyansa kuma mai kusurwa huɗu ne da ke zaune cikin rami irinsa. Idan ya soma juyawa tare da noti, to ramin ya cinye. A yanke notin ta baya da giranda, kada a damƙi kan da filaya a ƙarce bambar. A cire robar da ke jikinta da ƙarafan da ke riƙe ta, a ɗauki hoton komai kafin a wargaza.

Abin da ido ke gani yana ƙyalli ba abu ɗaya ba ne. Baƙin ƙarfe ne a ƙasa, aikin kirki kuma ana fara lulluɓe shi da jan ƙarfe, a ɗora wani farin ƙarfe da ake kira nikel, sannan wani mai suna kurom a sama. Kurom ɗin bai kai kaurin maikiron 1 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yawanci rubu'i ne zuwa rabi, alhali silin gashin mutum yana kai wajen maikiron 70. Nikel ne mai kauri, kamar maikiron 25 zuwa 40 a kayan da za su sha rana da ruwa, kuma shi ne ke tare tsatsa, shi ne ma ke ba da yawancin ƙyallin. Kurom yana da 'yan ƙananan tsage da huji da ido ba ya gani. Ruwa ya bi ta nan, a hankali ya huda nikel, ya taɓa baƙin ƙarfe, sai tsatsa ta kumbura daga ƙasa ta ɗaga fatar. Shi ya sa wajen salansa ke fara lalacewa: hayaƙi yana ɗauke da danshi mai asid, ga zafi, ga taɓon damina da ke maƙalewa a cikin kwarin bambar ya yi makonni bai bushe ba.

Ɗigo-ɗigon gaba ku gwada su haka. A wanke da sabulu, a dunƙule takardar alminiyon ta naɗe abinci, a tsoma a ruwa a goga a hankali. Alminiyon ya fi kurom laushi, ba zai ƙarce shi ba. Idan jan ya tafi, farce kuma ya bi wurin bai maƙale ba, tabo ne kawai, folish da kaki sun wadatar. Idan baƙin ɗigo ya rage wanda farce ke faɗawa ciki, nikel ya huje, tsatsar za ta dawo duk damina, kaki jinkirta ta kawai zai yi. Kada samfefa ta kusanci kurom ko kaɗan. Shafa biyu ya isa ta cinye shi, sai nikel ya bayyana da ɗan rawaya-rawayansa.

Ta bayan da ta fara ɓarewa babu folish ɗin da zai ceto ta, sai dai sabon kurom. Kafin ku biya kuɗin wannan, a kankare cikinta da buroshin waya, a bi ta da ƙaramar guduma, a haska tocila ta baya a cikin duhu. Kuna neman huji, da wurin da ƙarfe ya yi laushi, musamman kewayen ramukan bol. Idan ƙarfen yana nan da ƙwarinsa, ra'ayinmu shi ne a riƙe ta asali. Don wannan motar aka buga ta, lanƙwasarta da ramukanta sun dace, kuma bambar da ta yi rayuwarta a busasshiyar iskar arewa galibi ta fi wadda ta sha gishirin teku a Legas lafiya nesa ba kusa ba. Idan kuwa huji ya yi yawa, ko an taɓa miƙe ta da wuta har ta yi siriri, a nemi wata ta hannu mai lafiyayyen ƙarfe, ko da ƙyallinta ya mutu, a kai ita a yi mata kurom. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano wurare ne da ya kamata a fara dubawa, a tafi da tsohuwar a gwada tsawo da ramuka.

Shi aikin kurom, yawancin kuɗinsa na aikin hannu ne, ba na tankin ruwan sinadari da ake tsoma bambar a ciki lantarki ya manna mata ƙarafan ba. Ana cire tsohon kurom da nikel da sinadari, sannan fanalbita ya miƙe lotsawa, a yi walda inda ya tsage, a cike ramuka da tagulla ko dalma. Fila ta gyaran jikin mota ba ta da amfani a nan, domin ba ta ɗaukar lantarki, kurom ba zai kama a kanta ba. Daga nan sai wasawa daki-daki, daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, har ƙarfen ya yi sumul. Kurom ba ya rufe aibi, ƙara fito da shi yake yi. A nan ne kuma mai gaggawa ke yin ɓarna: maimakon ya cike rami sai ya wasa kewayensa har ya kai zurfinsa, bamba ta fito da tudu da kwari, gefunanta masu kaifi su dakushe. Ku tambayi mai aikin kai tsaye ko yana sa jan ƙarfe, nikel hawa nawa yake yi (hawa biyu ya fi jure waje), kuma ko tankinsa zai haɗiye bambar gaba ɗaya, tunda faɗin wannan mota ya haura mita ɗaya da rabi. Ku nemi ya nuna muku aikin da ya yi shekara biyu a kan hanya, ba wanda ya fito jiya ba. In ta dawo, kafin a ɗaura, a shafa wa cikinta fentin hana tsatsa hawa biyu, a bi da kaki ko giris, domin cikin kwarin ba ya samun nikel sosai a tanki.

Tambaya: Ina da Peugeot 504 haɗin Kaduna. Bambarta ta dushe, ta yi ƙarce-ƙarce, amma ba tsatsa. An ce in kai a yi mata kurom. Daga wani Alhaji a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Peugeot ta saba yin bambar 404 da 504 da ƙarfen sitenles, wanda ba ya tsatsa, kuma ba a lulluɓe shi da komai ba. Rashin tsatsar bayan shekaru masu yawa shi ne babbar shaida. Leƙa bayanta: idan toka-toka ne ba ɓawo, sitenles ce. Kada ka dogara da maganaɗisu kaɗai, domin akwai nau'in sitenles da yake kamawa.

Tunda ƙarfen iri ɗaya ne ciki da waje, ana iya wasa shi, abin da ba a yi wa kurom. A fara buga lotsawa daga baya a kan katako. Ƙarce mai zurfi a fara da samfefa lamba 400 da ruwa, a wuce 600, 800, 1200, har 2000, kowane mataki a sauya fuskar gogawa don a ga ko layukan na baya sun ɓace. Wanda ya tsallake mataki zai ga layukan bayan an gama. Sannan a bi da faifan ƙyalle da man goge sitenles. Kada a tsaya wuri guda, zafi yana sa shi ya yi shuɗi ya lanƙwashe. Kada kuma a taɓa shi da soson ƙarfe ko buroshin da ya goge baƙin ƙarfe, ɓurɓushin zai nutse a jikinsa ya yi tsatsa. Tsagewa sai waldar da ake yi da iskar agon, da waya ta sitenles.

Tambaya: Na sayo sabuwar bamba don Volkswagen Beetle tawa, damina ɗaya ta yi ja. Me ya faru? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Malam, masu arahar nan ƙarfensu siriri ne, babu jan ƙarfe, nikel ɗin kuma leƙe kawai ya yi. A shago suna walƙiya kamar ta asali, ruwan Jos kuwa ba ya ɗaga musu ƙafa. In za ka sake saye, ka ɗaga ta da hannu ka kwatanta nauyinta da tsohuwar, ka duba gefenta ka ga kauri. Akwai waɗanda ake yi da sitenles lamba 304, da yawansu daga Biyetnam; ba sa tsatsa, amma launinsu ya ɗan karkata zuwa rawaya, ba shuɗi-shuɗin kurom ba, suna kuma saurin ɗaukar ƙarce. Ga motar hawa kullum zaɓi ne mai kyau. Ka tabbatar da shekarar motarka da ƙasar da aka ƙera ta, domin siffar bambar ta sauya daga ƙirar 1968, kuma ta Jamus da ta Barazil da ta Meziko ba lallai su shiga wa juna ba. Wajen ɗaurawa a saka duk bol ɗin sako-sako, a daidaita tazarar hagu da dama, sannan a ɗaure. Ramin da bai dace ba a gyara shi a jikin ƙarfen riƙo, kada a huda bambar, daga bakin sabon rami tsatsa ke farawa. Tsohuwar kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan.

Tambaya: Fentin kurom na gwangwani fa? Ko kuwa zan iya haɗa tanki a gida da batirin mota? Daga wani matashi a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, fentin gwangwani garin alminiyon ne a cikin fenti. Murfinsa ne ke ƙyalli. A jikin bamba ruwan toka zai zama, hannu ma yana dusashe shi. In kuɗi bai kai ba, gara a kankare tsatsa a yi baƙin fenti mai kyau har a samu hali.

Tanki a gida kuwa kada ka soma. Asid ɗin kurom guba ne mai ƙona fata da cikin hanci, shaƙar tururinsa yana jawo kansar huhu, kuma ruwan da ake fara kama jan ƙarfe da shi galibi yana da gubar sayanaid, wanda in ya haɗu da asid yake fitar da iska mai kisa. Ragowar ruwan in ya bi kwata zai iya kaiwa rijiyar unguwa. Bamba guda tana buƙatar ɗaruruwan amfiya na lantarki a daidaice, abin da batirin mota ba zai iya riƙewa ba.