Wasa tukuna ko abinci tukuna?

Assalamu alaikum jama'a. Malama Hedimasta, na saurari saƙonki, kika ce kuna tunanin sauya jadawali, a riƙa fitar da yara filin wasa tukuna kafin su zauna cin abincin rana, kina neman shawara. To ni dai ina bayan abin, bari ki ji dalilina.

Yaro ɗan shekara bakwai, ki ajiye masa abinci, kuma ya san da zarar ya gama zai fita wasa, ai hankalinsa na bakin ƙofa. Loma biyu uku, ya ture kwano, wai ya ƙoshi. Abin da yake fara bari kuwa ganye ne da 'ya'yan itace, don su ke ɗaukar lokaci wajen tauna. Amma in ya riga ya sha guje-gujensa, ya dawo da yunwa da ƙishirwa, ba inda zai je daga nan sai aji. To wane yaro ne ke ɗokin komawa aji? Zama zai yi ya ci.

Kuma an gwada fa. A Amurka wasu masana biyu, David Just da Joseph Price, sun bibiyi makarantun firamare 7 a jihar Yuta, 3 suka sauya tsari, 4 suka ci gaba yadda suke. Sakamakon ya fito a 2015: cin ganye da 'ya'yan itace ya ƙaru da kashi 54 cikin 100 a inda aka sauya. Ba a canza abincin ba, lokaci kawai aka juya. Makarantun jihar Montana ma sun gwada tun farkon shekarun 2000, malamansu suka ce yara sun fi natsuwa in sun koma darasi, don faɗan da aka kwaso a fili ya huce a wurin cin abinci.

Sai dai Malama, wankin hannu, nan ne gizo ke saƙa. Yara za su shigo da ƙasa da gumi a hannu. In famfo ɗaya ne ko biyu, layi zai cinye rabin lokacin cin, sai a koma gidan jiya. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka na ba da shawarar yaro ya samu aƙalla minti 20 a zaune da abinci a gabansa, ban da tafiya da layi. Don haka a ware wa wankin hannu mintocinsa daban a jadawalin, a sa malami ya tsaya a wurin.

Sannan a tuna da waɗanda ke zuwa ba su karya ba, don abincinsu zai ƙara jinkiri. Su kam a tanadar musu ɗan abin taɓawa da hantsi. Ni a ganina ku fara da aji ɗaya zuwa uku na zango guda, masu kwashe kwanuka su riƙa lura da yawan abin da ake zubarwa kafin sauyin da bayansa.