Soyayya da zuri'a a Star Wars: wanne zan kalla, wanne zan saya?

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan Star Wars, jerin finafinan nan na yaƙin sararin samaniya, kuma abin da ya faranta min rai ba wanda ya tambayi jiragen yaƙi ko takubban haske, kowa maganar aure da 'ya'ya yake. Dole zan tona wasu sirrikan labarin, wanda baya so, ya sani tun yanzu.

Ta farko wata baiwar Allah ce, tace maigidanta ba shi da hira sai ta Star Wars, ita kuma labarin soyayya take so. Tana tambaya ko ta sayi kwalin finafinan guda tara gaba ɗaya, kuma da wanne zata fara.

'Yar uwa kar ki fara da sayen kwalin. Idan Disney+, manhajar kallon finafinai ta intanet, na aiki inda kike ki biya wata ɗaya kawai, ko ki ari faifai biyu, ki gwada tukunna. Sannan kar lambobin su ruɗe ki, wanda ya fara fitowa a 1977 shi ake kira kashi na huɗu, na biyar ya fito 1980, na shida 1983, sai daga baya George Lucas, wanda ya ƙirƙiri labarin, ya koma baya ya yi na ɗaya zuwa na uku tsakanin 1999 da 2005. Ki bi yadda suka fito. Dalilina shine soyayyar da tafi daɗi tana cikin na biyar, tsakanin gimbiya Leia da Han Solo, ɗan fasa-ƙwauri da bashi ya yi wa katutu. Kullum cikin cacar baki suke, ita tana ganin baya da manufa sai kuɗi shi kuma yana ganin girman kai ya mata yawa, amma duk sanda abu ya ɓaci shine yake dawowa ya tsaya mata. Bata furta masa tana sonsa ba sai a lokacin da za a daskarar dashi a gaban idonta, hannunsa a ɗaure. Kuma a na shida ita da kanta ta ɓad da kama ta shiga fadar Jabba, ɗan ta'addan da yake bin Han bashi, don ta kwance shi. Wannan kam in baki so shi ba toh ki ajiye kuɗinki, sauran ma ba zasu burge ki ba.

In kin so shi sai ki koma kan Anakin da Padmé, iyayen Leia, a kashi na ɗaya zuwa na uku, amma ki shirya zuciyarki. Mutane da yawa suna sukar hirar soyayyarsu a kashi na biyu cewa ta yi nauyi a baki, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ni abinda ke ƙarƙashin hirar ne yake taɓa ni. Anakin yaro ne da ya taso a bauta, an raba shi da mahaifiyarsa Shmi yana ɗan shekara tara, aka kai shi cikin 'yan Jedi, mayaƙa masu takubban haske, waɗanda dokarsu ta hana mutum ya ƙulla zuciyarsa da kowa. Bai sake ganin uwar ba sai bayan shekara goma, ta cika a hannunsa. A ranar ya hallaka duk zangon da suka kama ta har mata da yara, ya zo ya faɗa wa Padmé da bakinsa, kuma duk da haka ta aure shi a ɓoye a duniyarta Naboo, ba dangi ba abokai, shaidunsu mutum-mutumi biyu ne kawai, R2-D2 da C-3PO. Wallahi duk lokacin da na kalli wannan ɗaurin auren tausayinta nake ji. Da ta samu ciki ya fara mafarkin zata mutu wajen haihuwa, ba wanda zai iya kai wa kuka a fili tunda auren ɓoye ne, sai Palpatine, mugun shugaban da daga baya ya zama sarkin daula, ya samu ƙofa ya masa alkawarin hanyar ceto ta. Ƙarshenta shi da yake tsoron rasa ta shi ya shaƙe ta a duniyar Mustafar. Ta haifi tagwaye ta rasu, aka raba su, Luke aka kai shi wajen Owen da Beru a Tatooine, Leia kuma Bail Organa da matarsa Breha suka riƙe ta a Alderaan. In kin kai nan kina son ƙari, lokacin ne sayen kwalin zai yi ma'ana.

Na biyu wani ɗan uwa ne da ransa ya ɓaci. Ya sayi tsofaffin littattafan Star Wars na hannu, ya buɗe ya tarar Luke yana da mata har da ɗa, Han da Leia kuma 'ya'yansu uku, alhali a fim ɗa ɗaya ya sani. Yake tambaya ko jabu aka sayar masa.

Malam ba a cuce ka ba, littattafanka na gaske ne. Abinda ya faru shine Disney ta sayi kamfanin Lucasfilm a 2012, sai a watan Afrilun 2014 aka sanar cewa littattafai da mujallun zane da aka rubuta kafin nan an ware su gefe, an sa musu suna Legends, sababbin finafinai ba zasu bi su ba. Shi yasa zuri'ar ta rabu gida biyu. A tsohon layi Luke ya auri Mara Jade, wadda ta fara fitowa a Heir to the Empire na Timothy Zahn a 1991, na farko a jerin littattafansa uku, kuma da farko neman kashe shi take don ta yi wa Palpatine aiki, suka haifi Ben Skywalker. Han da Leia suna da tagwaye Jacen da Jaina da ƙaninsu Anakin mai sunan kakansa. A sabon layi kuwa, wato finafinan 2015 zuwa 2019, kashi na bakwai zuwa na tara, Luke bai yi aure ba, Han da Leia ɗansu ɗaya Ben Solo wanda ya zama mugu ya koma Kylo Ren, kuma mun same su sun rabu saboda baƙin cikin ɗan.

In ka tambaye ni, kar ka sayar da su. Ga mai son labarin iyali tsohon layin yafi ƙoshi, don an ba auren lokaci, kana ganin Leia da juna biyu tana fama da aikin gwamnati, kana ganin yaran suna girma, ba kawai a ce maka sun yi aure sun rabu a bayan fage ba. Yadda zaka gane nan gaba kuwa mai sauƙi ne, waɗanda aka sake bugawa bayan 2014 akwai zirin ruwan gwal a saman bangon an rubuta Legends. Tsohon bugu baida wannan zirin, sai ka duba shekarar da aka fara buga shi a shafin ciki. Abu ɗaya zan ja maka kunne, kar ka haɗa layi biyun a lokaci guda, kanka zai ɗaure. Ka fara da ukun Zahn, ka gama, sannan ka ga ko zaka ci gaba.

Sai wata uwa mai yara ƙanana, tana so ta san wanne zata kunna musu su kalla tare.

Maman yara ki ɗaga musu kashi na uku tukunna. Shine na farko a jerin da aka sa wa alamar sai ɗan shekara goma sha uku ko da kulawar iyaye, akwai kisan yara a ciki ko da ba a nuna ƙarara ba, ga ƙonewar Anakin da ake nunawa ido da ido. Ki fara musu da Rebels, zane ne mai zango huɗu da aka yi daga 2014 zuwa 2018. Labarin maraya ne Ezra da ya faɗa cikin jirgin wasu 'yan tawaye, Hera matuƙiya da Kanan suka zame masa uwa da uba ba tare da jini ya haɗa su ba. Soyayyar Hera da Kanan ma a natse take, girmama juna ce da aiki tare, ba abinda zai sa ki rufe wa yaro ido. Ki dai sani a zango na huɗu akwai rashi mai zafi, ki zauna kusa dasu ranar. In sun ƙara girma sai The Mandalorian, wanda ya fara 2019, mafaraucin mutane da aka tura ya kamo jariri Grogu sai ya kasa barinsa, har ya mai da shi ɗansa a zango na uku. Harbe-harbe sun fi yawa a wannan. Ni a ganina a duk duniyar Star Wars ba inda aka iya labarin iyali kamar wajen riƙon ɗan wani, tun daga kan Owen da Beru da suka rasa ransu saboda abinda ya biyo ta gidansu.

Ta ƙarshe gajeriya ce, saurayi ne yake son littafi ɗaya tak ya ba wadda zai aura, bata taɓa kallon finafinan ba.

Ɗan uwa ka saya mata Lost Stars na Claudia Gray, na 2015. Thane da Ciena ne, tare suka taso tun yarinta suka shiga makarantar sojan daula tare, shi ya gudu ya koma wajen 'yan tawaye ita ta tsaya a kan rantsuwarta, kuma baya buƙatar ta san komai kafin ta fara. Akwai The Princess and the Scoundrel na Beth Revis da ya fito 2022, shine yake ba da labarin bikin Han da Leia a Endor, nasan sunan biki zai ja ka amma wannan sai wanda ya riga ya san su zai ji daɗinsa, ka bari sai kun kalli na biyar da na shida tare. Ka duba kar ka ɗauko The Courtship of Princess Leia na 1994 bisa kuskure, shi na tsohon layi ne kuma a ciki sace ta Han ya yi, bai dace da kyautar amarya ba. Ka kuma tabbatar tana jin daɗin karatun Turanci, in ba haka ba ka nemi wanda ake saurare kai ka riƙa fassara mata.