Ɗana zai zagaya garuruwan ibadar Hindu da Buda da jaka a baya: me zan ji masa tsoro?

Tambaya: Likita, ɗana yana karatu a Bangalo ta ƙasar Indiya. Ya ce wannan hutun ba zai dawo gida ba, shi da abokansa za su ɗauki jaka a baya su bi jirgin ƙasa zuwa Baranasi da Bod Gaya da Rishikesh, watakila har Lumbini ta Nefal. Kwanaki ya turo mini hotonsa yana miƙa wa biri ayaba a bakin wani wurin bauta. Tun da ya faɗa mini na kasa barci. Abinci da ruwan wuraren nake tsoro. Me zan ce masa? Wata uwa daga Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, ya dawo miki da shi lafiya. Abincin da kike tsoro shi ne mai sauƙi. Ya sha ruwan roba wanda ya ga murfinsa a rufe, ya ci abin da aka sauke daga wuta a gabansa, ya riƙe gishirin ORS a jaka. Kada ya kurɓi ruwan kogin Ganga ko da ya ga masu ibada suna yi. A Baranasi ana sayar da wani kindirmo da ake dama shi da wiwi, suna ce masa bang lasi, ya tambaya kafin ya karɓi kofi. Idan tafiyar ta faɗo tsakanin Afrilu da Yuni, zafi yakan haura digiri 40, ya riƙa yawonsa da sassafe. Batun Lumbini kuma, mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Nefal a bakin iyaka, sai ya nema a ofishin jakadancinsu tun kafin ya tashi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai hoton nan ne na biri, saboda ciwon haukar kare da ake ɗauka ta cizon dabba ko yakushinta.

Garuruwan nan cike suke da birai da karnukan da ba su da mai su. Masu ibada suna ciyar da su, don haka sun daina tsoron mutum. A Rishikesh biri zai sauko daga kan gada ya fizge leda a hannunka, in ka riƙe ya yakushe ka. A matattakalar bakin kogi a Baranasi karnuka suna kwance a inda mai fitowa da asuba zai iya taka su cikin duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu a Asiya da Afirka, kuma Indiya tana sahun gaba. Yawanci kare ne ke kawo shi, amma cizon biri ma allura ake yi masa.

Maganar da nake ji kullum, wadda ta ishe ni, ita ce: "Ai karen ba mahaukaci ba ne, bari mu gani." Ku ga me? Kare yana iya ɗauke da cutar a yawunsa kwanaki kafin ya fara dalala ko kai hari. Karen titi a garin da za ka bari gobe, ina za ka sake ganinsa? Ƙwayar cutar tana bin jijiya ne a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokacin mako guda, wani lokacin har shekara. Raunin cizon ya warke, tabon ya bushe, kowa ya manta. Ranar da alama ta bayyana kuwa, kusan babu mai tashi.

Na taɓa karɓar wani yaro da ɗan kwikwiyo ya ciza a yatsa. An ƙona gashin karen an shafa masa, wani mai kemis ya ba shi kafso ya ce ya wadatar. Bayan wata biyu aka kawo shi yana fama da ƙishirwa. Mahaifiyarsa ta miƙo kofin ruwa, da ya hango shi sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture hannunta yana kakari. Ba abin da muka iya yi masa sai rage masa wahala. Har yau ina jin haushin mai kemis ɗin, domin allurar tana nan a asibiti, kilomita kaɗan daga shagonsa. Can Indiya ma akwai irinsu, masu cusa barkono ko gangamau a bakin cizo, kamar yadda namu ke zuba man birki. Duk ba ya kashe ƙwayar, lokaci kawai yake ci.

Ki faɗa masa haka. In kare ko biri ya cije shi, ko ya yakushe shi, ko ya lashi inda yake da rauni, ya wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo na minti 15 cur, yana duba agogo. Ya shafa aidin, kada ya bari a ɗinke nan take, ya nufi asibitin gwamnati a ranar. Za a fara masa allura, a maimaita a rana ta 3 da ta 7, sauran kuma yadda suka rubuta masa a kati, ko da ya koma wani gari ya nemi asibiti ya ƙarasa. In cizon ya fasa fata har jini ya fito, akwai maganin garkuwa da ake tsirawa a cikin raunin kansa, imunogulobulin, ya tambaye shi da sunansa, don a ƙananan garuruwa yakan yi wuyar samu. A duba masa allurar tetanos ma.

Abin da ya fi, ya yi rigakafin tun yana Bangalo, inda asibitoci suke birjik. Allura biyu ce, mako guda tsakani, wasu asibitocin can sukan ƙara ta uku. Wanda ya yi ta, in aka cije shi, allura biyu kawai zai ƙara, ba ya buƙatar wancan mai wuyar samu.

Yau da dare ki kira shi, Hajiya, ki tambaye shi ko birin nan na hoto ya taɓa masa fata. In ya ce ya ɗan karce shi, ko da makonni sun wuce, gobe da safe ya je a fara masa allura.